Maganin Mantuwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Ya jikin Inna? Tana shan maganin hawan jininta da kanta, ko har yanzu sai kin tsaya mata a ka da kofin ruwa? Ni ƙalau nake, in ban da gajiya da ta zama abokiyar zama.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin a waya ba kya bari in kai aya. Na yi murna da jin cewa asibitin za su sallami Tela ƙarshen watan nan. A matakalar wurin aiki na karanta saƙonki, na zauna na yi kukana, na share ido kafin wani ya gan ni. Ƙanenmu da muka kai yana karkarwa, haƙarƙari a waje, yana rantsuwa akwai mutane a cikin silin, yau shi ake cewa wando ya matse shi. Allah mun gode.

Da na kai ƙarshen saƙon kuwa sai murnar ta koma ciki. Yaya, wace allura ce kike so in taho da ita a jaka? Na san inda maganar ta samo asali. A zuwana na ƙarshe na ce miki muna gwada wani magani da ke rage wa ƙwaƙwalwa tunanin ƙwaya, ban rufe baki ba kika miƙe wai tukunya tana ƙauri. Rabin maganar kika tafi da shi kicin, ga shi yanzu Inna ta gaya wa maƙwabta 'yarta ta gano maganin mantuwa. Don haka ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, tukunyar ta ƙone in ta ga dama.

Aikinmu da ɓeraye ne. Muna da akwati mai ɗaki biyu, ɗaya bangonsa zane-zane ne fari da baƙi, ɗayan fari sol. Sai mu yi wa ɓera allurar irin abin da Tela yake sha, wanda suke kira ƙanƙara, mu rufe shi a ɗaki mai zane. Wata rana kuma mu yi masa allurar ruwan gishiri kawai, mu rufe shi a farin ɗaki. In an maimaita haka, sai mu buɗe ƙofar tsakiya mu sake shi ba tare da an ba shi komai ba. Kai tsaye yake wucewa ɗaki mai zane ya lafe a lungu yana jira. Babu ƙwaya a wurin, amma ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ɗaure daɗin da bangon.

Kin san yadda Tela yake farke ɗinki in zai rage wa riga faɗi, sannan ya mayar. Abin da muke zato shi ne, duk sanda aka tuno abu, ƙwaƙwalwa takan farke shi haka na ɗan lokaci kafin ta sake ɗinkewa. A jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai 'yan ƙananan ƙofofi da saƙo ke shiga ta cikinsu, makarɓa muke ce musu. Maganinmu yana toshe wasu daga ciki. Mukan nuna wa ɓeran ɗaki mai zane don ya tuna, sai mu yi masa allurar a daidai lokacin, da fatan ɗinkin zai koma sako-sako. Wani sa'in yakan yi aiki, ɓeran ya daina damuwa da ɗakin. Wani sa'in kuma ya kalle mu ya koma lungunsa.

To wannan ne abin da ke cikin firij ɗinmu, Yaya. Ba a taɓa ba ɗan adam shi ba, ba mu san abin da zai yi wa hanta ko zuciya ba. Ko da an bar min makullin, ba zan soka wa ƙanena abin da ban sani ba.

Abin da zan iya ba ku shi ne shawara, kuma ina roƙonki ki ɗauke ta da muhimmanci. Kada a mayar da shi ɗakin baya inda ya saba rufe kansa. A ba shi ɗakin gaba, a canza labule, a juya gado, in da hali a shafa fenti. Shagon kuma a bar shi a rufe tukuna, tunda can ya fara, sanda ɗinki ya yi masa yawa mai gyaran wayar nan na kusa da shi ya ce ga abin da zai hana shi barci.

Ki gaishe min da Inna da kyau, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Likitar ɓeraye, kamar yadda kuke ce min

*

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya, ina kuma yi mana barka da dawowar Tela. Na ji muryarsa a waya, ta cika, har tsokanata ya yi. Ya ƙafar Inna da wannan zirga-zirgar 'yan barka?

Ban san yadda kika karanta wa Inna takardata ba, amma da na kira ta ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce ita dai ɗa ta haifa, ba ɓera ba, kuma in boko ne ya koya min haɗa ƙanena da abin da ake sa wa tarko, to ta gode. Sai ta miƙa wa jikarta wayar. Na daɗe riƙe da tawa a kunne kamar wata sakarya.

Daga bakin 'yarki na ji sauran. An wanke labulen ɗakin baya an mayar da shi inda yake. Gadon yana nan, rediyon yana nan, har hoton ƙwallon da ya manna a bango an goge masa ƙura. Inna ta ce so take ya dawo ya tarar da komai yadda ya bari, ya san ba a kore shi daga zuciyar kowa ba. Na fahimce ta, wallahi na fahimce ta, shi ya sa abin ya fi ci min rai. Ke kuma da nake taƙama da ke, malamar makaranta guda, aka ce kin je shago kin share, kin zuba wa keken ɗinkinsa mai. Na rubuta shafi biyu, abu ɗaya kawai na roƙa, shi ne kuma abin da aka juya.

Nan ma ba daɗi. Ɓerayen da na yi wata da watanni ina horarwa sun tashi a banza. Masu gyara suka zo suna fasa bango a ɗakin da ke jikin namu, ba wanda ya sanar da mu. Ranar gwaji ɓerayen duk a firgice suke, wanda aka yi wa allurar da wanda ba a yi wa ba kowa ya maƙale a ƙofa. Farfesa, shugaban ɗakinmu, ya duba sakamakon ta saman tabarau, ya ce a sake daga farko, ya ɗauki jakarsa ya tafi taro. Shi ke nan ta'aziyyar da na samu. Mutumin nan zai iya cewa a sake daga farko ko da gini ne ya faɗo mana a ka.

Kin tambaya ko babu irin wannan magani da mutane ke sha. Zan amsa miki don kada ki ce ina ɓoye wani abu. Akwai wani daga cikin magungunan hawan jini, dangin wanda Inna take sha, da yake taɓa irin waɗannan makarɓa. Wasu likitoci sun gwada shi a kan masu shaye-shaye: a nuna wa mutum abin da ke tuna masa ƙwayar, sannan a ba shi maganin. A asibiti aka yi, ana auna bugun zuciya, kuma sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Wasu sun ɗan ji sauƙi na ɗan lokaci, wasu ko gezau. Har yau ba a ce ga magani ba.

Na san kina ganin ina zaune a kan abu ina jan rai. Ni ma da za a tsaga zuciyata, abin da za a gani ke nan, haushin cewa kullum ina riƙe da kwalbar da ke taimakon ɓera, ƙanena kuma sai addu'a. Amma abin da ke hannunmu yanzu shi ne ganin likitansa a kan lokaci, da nisantar da shi daga shagon nan. Don girman Allah ki riƙe makullin a jakarki.

Ki ba Inna haƙuri a madadina, ki ce mata ban ce ɗanta ɓera ba ne. Gaisuwa ga Baban yara.

Taki har kullum,
Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Tela da na Inna. Ba zan tsawaita ba.

Baban yara ne ya kira ni, tunda ke kin kashe waya. Ya faɗa min komai, yana faɗa yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Ya ce da safe kika sa Tela a gaba har shago, kika buɗe, kika zaunar da shi a kan kujerar keke. Kika ce ya taka, ya saurari ƙarar, ya tuna komai kada ya rage. Har aljihun teburin da yake ɓoye kwalbar da yake zuƙa da ita kika jawo masa. Da kika ga gumi ya keto masa, sai kika ce lokaci ya yi, kika ciro ƙwayoyin hawan jinin Inna guda uku daga jakarki kika ba shi da lemo. Shi kuma ya haɗiye, don tun yana rarrafe bai taɓa iya ce miki a'a ba.

Yaya, darasi kika mayar da shi? Mataki na ɗaya, mataki na biyu, kamar kina gaban allo? Mutumin da jininsa lafiya lau, aka ɗura masa maganin tsohuwa har uku! Baban yara ya ce a bakin titi Tela ya yanke jiki ya faɗi, kansa ya bugi dakalin wani shago, likitan da ya karɓe shi ya ce zuciyar ta yi sanyi ƙwarai, Allah ne ya kiyaye. Maganin ma ba shi ne wanda aka gwada ba, danginsa na ce miki, dangi. Ke da 'yar ƙanwar Baba dangi ne, amma ba wanda zai tura ta ajinki ta koyar.

Abin da ya biyo baya ba sai an gaya min ba, na gani a akwati ya fi a ƙirga. In aka tuna wa ɓera ɗakin ba tare da maganin da ya dace ba, ƙara manne masa yake yi. Kin farke, kin bar shi ya ɗinke da zare biyu. Ana sallamarsa ya sulale, sai a ɗakin mai gyaran waya aka same shi, leɓe a ƙone, ido a bushe. Wata nawa na wahala ya tafi a safiya ɗaya.

Na yi ta zagaye ɗaki ina neman wanda zan zaga, in na zo kanki sai in tarar da kaina. Ni na rubuta miki maganar hawan jinin, alhali na san halinki, ba a gaya miki abu ki bar shi ya kwana. Kuma na san ke ce kika bi lungu-lungu kina nemansa da takalmi ɗaya a tsinke, ni ina nan ina auna ɓeraye. Duk wannan na sani, amma har yanzu raina a ɓace yake, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ga abin da na yanke. In asibitin da kuka mayar da shi sun sake sallamarsa, kada a bi da shi gida ko don ɗaukar kaya. Baban yara ya kawo min shi nan kai tsaye. Ina da ɗaki da ba kowa sai kwalaye, akwai kuma asibiti kusa da ni da ke da mai ba masu irin lalurarsa shawara, na riga na yi magana da ita. Wannan karon ba shawara nake bayarwa ba. In Inna za ta yi fushi, ta haɗa da na baya.

Ki kunna wayarki. Ina fushi da ke, amma ina so in ji muryarki.

Ƙanwarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin warware, kin kuma daina wannan kukan da kika yi min a waya har na kasa gane abin da kike faɗa. Ya yara da karatu? Ya Inna? Ki ce wa Baban yara har yanzu ina godiyar doguwar tafiyar da ya yi.

Tela yana nan lafiya. Makon farko barci kawai yake yi, ya tashi ya cinye abin da ke cikin tukunya ya koma. Yanzu ya fara zama mutum. Yana zuwa wurin mai ba shi shawara, da ƙafa yake tafiya, ni kuma in tsaya a taga ina leƙensa har ya sha kwana, kamar wadda ta kai yaro makaranta ranar farko. Ya gane ina yi, jiya ya juyo ya ɗago min hannu ba tare da ya kalli sama ba.

Ya raina min gida ƙwarai. Wai bango fari, labule fari, kujera biyu, ko ɗakin jiran likita ya fi nan fara'a. Na ce masa haka nake so. Ba ni da keke, kuma ban bari a kawo ba, amma hannunsa ya ƙi zama. Ya samo allura da zare ya bi rigunan aikina ɗaya bayan ɗaya, ya gyara aljihu, ya mayar da maɓallai. Yanzu abokan aikina sun gano, kowa sai ya ba ni tasa a leda. Har Farfesa ya miƙo tasa yana kallon gefe, wai hannun ya yi masa tsawo.

Wata rana muna cin abinci ya sa na ba shi labarin akwatin tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba a saba yi min ba a gidanmu. Sai ya tambaye ni ko shi ɓeran ya san dalilin da ya sa yake zuwa ya zauna a ɗaki mai zanen. Na ce ban sani ba, ba mu da hanyar tambayarsa. Ya ce shi yana ganin bai sani ba, ƙafa ce kawai take kai shi. Daga nan ya ci gaba da cin abincinsa.

Aikin dai yana nan yadda kika san shi. Sababbin ɓerayen sun kammala, rabi sun manta da ɗakin, rabi suna nan daram, kuma ba mu san abin da ya bambanta su ba. Uwa ɗaya, abinci ɗaya, allura ɗaya. Farfesa ya ce abin sha'awa ne. Ni ban ga sha'awar ba, na ga shekara guda ta rayuwata ce aka raba biyu aka zubar da rabi.

Kada ki ɗauka an gama. Wanda ya natsu a sabon wuri yana iya rikicewa ranar da ya koma tsohon, wannan ma mun sha gani. Don haka kada ki fara yi wa Inna alkawarin ranar dawowarsa. Amma maganar da kika yi ta zuwanta nan, na amince, shi ma ya amince, har ya wanke mata ɗakina ya ce ni in koma falo. Sharaɗi ɗaya ne: kada ta taho da komai daga ɗakin baya ko shago. Ban da matashinsa, ban da almakashinsa, ban da rediyon nan. Ki bincika jakarta da kanki kafin ta shiga mota, kin san ta da cusa abu a ƙasan kaya.

A gaida kowa da kowa. Tela ya ce a gaya miki ya yafe, amma ba zai ƙara karɓar lemo daga hannunki ba.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan. Inna ta iso lafiya, ƙafar ta ɗan kumbura saboda zaman mota amma ta sauka. Kin yi aikinki, na duba jakar ban ga komai na ɗakin baya ba. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Da muka hawo bene Tela yana bakin ƙofa yana jira, ya yi aski, ya sa rigar da ya fi so. Ya durƙusa zai gaishe ta, ita kuwa ta saki jaka ta kamo kansa ta haɗa da ƙirjinta. Ina tsaye ina murmushi sai na ga bayansa ya sandare. Ya ɗago, gumi ya jiƙa masa goshi, yana haɗiyar yawu irin yadda muka sani. Ya ɓamɓare hannunta daga wuyansa, ya wuce ɗakinsa da sauri ya murza makulli.

Inna ta tsaya a tsakiyar falo hannu a buɗe. Ta kalle ni ta ce ko don maganinta ne da aka ba shi, ko an gaya masa da saninta aka yi. Na zaunar da ita, na ba ta ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ban taɓa ganin Inna ta ƙanƙance haka ba.

Sai da aka jima ya bar ni na shiga. Yana zaune a ƙasa ya buɗe taga, ya tura fuska waje. Turarenta ne, Yaya. Ya ce duk shekarun nan, in ya gama zuƙa a ɗakin baya, sai ya saci jiki ya shiga ɗakin Inna ya ɗauko kwalbar da ke gaban madubi, ya fesa wa labule da rigarsa don kada ta ji warin. Kullum haka, ƙwaya sannan turare. Kin tuna yadda take faɗa wai 'yan matanki suna ƙarar mata da turare, har kika taɓa dukan babbar? Shi ne. Ya ce dawowarsa ta farko, tun kafin ki kai shi shago, in Inna ta wuce ta gabansa sai ya ji maƙogwaronsa ya bushe. Shi ya sa yake cin abinci a waje, ku kuna cewa kunya ce. Ya kasa faɗa, don bai san yadda mutum zai ce ƙamshin uwarsa yana tayar masa da sha'awar ƙwaya ba.

Don haka ki rage wa kanki nauyi, ba shagon ne kaɗai ba. Ni kuma da na cika muku kunne da labule da gado da fenti, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Alhali a wurin aikinmu an hana mu shafa turare, saboda ɓera yana riƙe ƙamshi fiye da yadda yake riƙe launin bango. Kullum ina bin dokar nan, ban taɓa ɗaga kai na haɗa ta da gidanmu ba.

Na fito na rasa ta inda zan fara. Kin san turaren nan, Baba ne ya fara sayo mata shi tun kafin a haife ni, kuma tun rasuwarsa ba ta taɓa canzawa ba. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata yadda ya faɗa min, ban ƙara ba ban rage ba, ban kuma ambaci ɓera ba. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta tambaye ni ko ina da sabulun da ba ya ƙamshi.

Sabulun wanki na ba ta, shi kaɗai gare ni. Ta daɗe a banɗaki, ina jin ruwa yana zuba, ya tsaya, ya sake zuba. Ta fito sanye da doguwar rigata da ko idon sawunta ba ta kai ba, ta tattara kayan da ta zo da su har da mayafi da carbi ta ƙulle a leda, ta ce in fitar waje. Sai ta je ƙofar ɗakinsa ta zauna a ƙasa da wannan ƙafar tata, ta kira shi a hankali. Ya buɗe, ya tsaya daga nesa, ya matso kaɗan, ya ƙara matsowa. Daga ƙarshe ya kwanta ya ɗora kansa a cinyarta, ta dafa shi.

Da zan kwanta na je yi mata sai da safe, na sunkuya na rungume ta. Yaya, ban ji Inna ba. Warin sabulu kawai na ji, kamar na rungumi wata baƙuwa a layin asibiti. Washegari a wurin aiki na buɗe firij zan ɗauki kwalbar maganinmu, sai na ji kamar in yi jifa da ita. Shekara nawa ina neman abin da zai kwance irin wannan ƙulli da allura ɗaya, uwata kuma sai da ta wanke kanta da sabulun wanki kafin ɗanta ya iya zama kusa da ita.

Mai ba shi shawara ta ce nan gaba, in ya ƙara ƙarfi, za a iya saba masa da ƙamshin kaɗan-kaɗan a gabanta, wataƙila wata rana ya daina damunsa. Wataƙila ta ce, ba ta yi alkawari ba. Na faɗa wa Inna don ta ji sanyi, ta ce ita ba za ta jira wataƙila da ran ɗanta ba.

Ga saƙonta. Ki shiga ɗakinta ki kwashe kwalaben da ke gaban madubi, ki kai su nesa, kada ki ba 'yan matanki. Ki fitar da zannuwan da ke cikin akwati a wanke su sau biyu a shanya a rana, haka labule da zanen gado da darduma. Ta ce har da tsohuwar kwalbar nan da ke ƙasan akwati a naɗe cikin ɗankwali, ta farko da Baba ya kawo mata. Na ce mata wannan a rufe take, shekara da shekaru ba a buɗe ta ba, ana iya barin ta. Ta ce a'a, ita ta san kanta, wata rana za ta buɗe.

Nawa roƙon ɗaya ne. Kafin ki fitar da ita, ki rufe ƙofa, ki buɗe murfin ki shaƙa sau biyu, ɗaya naki ɗaya nawa.

Inna tana gaishe ku, Tela ma haka. Ki gaida Baban yara, ki kuma ba babbar 'yarki haƙurin dukan nan. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki